Wai da gaske in aka ɗebi ɓargon mutum shanyewa yake yi? Surukata ta hana a gwada 'yata

Maman_Haidar:
Slm 'yan uwa, dan Allah ina neman wanda ya san abin nan da gaske ba ji-ta-ji-ta ba. Yarona shekararsa 9, sikila gare shi, SS ne, tun yana wata takwas muke zaryar asibiti. Bara aka yi masa hoton jijiyoyin kai ɗin nan aka ce yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, tun daga nan kusan duk wata sai an ƙara masa jini. Satin da ya wuce likitarsa ta zaunar da mu ni da babansa ta ce mu fara tunanin dashen ɓargo, matakin farko kuma a gwada 'yan uwansa a ga ko akwai wanda nasa ya dace. Su uku ne, babbar shekara 13 AS ce, sai mai 6 AA, sai ta goye. To maganar na zuwa kunnen Hajiya maman mijina ta ce sam ba mai taɓa ƙashin bayan jikarta, wai an ce in aka zuƙe ɓargon mutum ƙafafunsa shanyewa suke ko ya daina haihuwa, kar garin neman gira a rasa ido. Ni kuma wlh ban san me zan ce mata ba don ni ma tsoron yana raina. Akwai wanda ya taɓa bayarwa a nan? Sannan likitar ta ce in ba a dace a gida ba akwai rijistar masu ba da ɓargo, shi kuma ya abin yake?

Ummu_Sadiq:
Allah ya ba shi lafiya Maman Haidar, Allah ya sa kaffara ne. Ni ban sani ba amma ina nan ina jiran amsa don ƙanwata ma yara biyu masu sikila gare ta.

Nas_Ta_Dare:
Wslm. Anti ki kwantar da hankalinki, Hajiya ta haɗa abu biyu ne da ba su da alaƙa, kuma ba laifinta ba ne kusan kowa haka yake haɗawa. Akwai laka, ita ce igiyar da ta bi ta cikin ƙashin baya tun daga ƙeya, ita ce in ta taɓu mutum yake shanyewa. Sai kuma ɓargo, wanda dai kika sani, na cikin ƙashin miya da yara suke bubbugawa a faranti su tsotse. A jikin mutum shi ne masana'antar jini. Ba a zuwa kusa da laka ko kaɗan wajen ɗibarsa. Daga ƙashin ƙugu ake ɗiba ta baya, daidai inda zani yake zama, da allura, mutum yana cikin barci bai ma san ana yi ba, awa ɗaya zuwa biyu an gama. Kuma ba duka ake kwashewa ba, kaɗan ne, cikin 'yan makonni jiki ya mayar da abinsa kamar yadda yake mayar da jini in ka bayar. Abin da za ta ji bayan ta farka ciwon ƙugu ne kamar wadda ta zame ta faɗi zaune, kwana kaɗan ya wuce.
Maganar haihuwa kuma juyawa aka yi. Wanda za a SAKA wa ɓargon shi ake ba magunguna masu ƙarfi su share tsohon ɓargonsa, su ne suke iya taɓa haihuwa. Mai bayarwa ba a ba shi waɗannan.

Goga_77:
Hmm ku ma'aikatan asibiti kullum "ba komai" ne a bakinku sai abu ya faru a ce ƙaddara.

Nas_Ta_Dare:
@Goga_77 ban ce ba komai ba Malam. Allurar barci da kanta tana da nata haɗarin ko hakori za a cire maka da ita, shi ya sa ake auna mai bayarwa tas kafin a yarda, wani ma har ƙarin jini yake buƙata bayan an ɗiba. Abin da na ce shi ne ba a taɓa laka, kuma a nan nake tsaye.

Baƙon_Manchester:
Ni na bayar, bari in ba ku labari yadda ya faru. Wata Juma'a bayan an idar da sallah wasu suka kafa tebur a ƙofar masallaci, 'yan DKMS ne, ƙungiya ce da aka kafa a Jamus a 1991, wanda ya kafa ta matarsa ce sankarar jini ta kama. Suka ba ni tsinken auduga na goga cikin kumatuna, na cike fom, minti biyar na wuce na ma manta. Shekara huɗu sai ga waya wai na dace da wani mara lafiya. Wlh farko na ɗauka 'yan damfara ne har na kashe wayar.
Ni ba a ƙashi aka ɗiba ba. Allura aka ba ni na dinga yi a fatar ciki kwana huɗu, aikinta ta sa ƙwayoyin da suke haifar da jinin su fito daga ɓargo su shigo jijiya. Ba zan ɓoye muku ba kwana na uku bayana da ƙuguna sun yi ciwo kamar zazzaɓin cizon sauro zai kama ni, farasitamol na sha. Ranar bayarwa aka sa min allura hannu biyu, jini ya fita ta nan ya bi ta cikin na'ura ta tace abin da take so ya dawo ta ɗaya hannun. Wajen awa biyar ina kwance ina kallon ƙwallo, abin da ya fi damuna fitsari ne da ƙaiƙayin hanci ba halin sosawa. Da aka gama na ga 'yar jakar, ko ledar fiya wata ba ta cika ba, launinta kamar zoɓo da aka sirka da madara, wani mutum yana tsaye da akwatin sanyi yana jira ya wuce da ita filin jirgi. Kwana biyu na koma aiki. Bayan nan matata ta haihu sau biyu, a gaya wa Hajiya.

Ummu_Sadiq:
Ikon Allah! To ka san wanda aka saka wa?

Baƙon_Manchester:
A'a ba sa faɗa, namiji ne babba iyakar abin da aka gaya min kenan. Kuma sisi ba a biyanka, kuɗin mota da masauki kawai suke ɗauka. Kusan 9 cikin 10 na masu bayarwa ta wannan hanyar tawa ake yi.

Maman_Haidar:
Allah ya saka da alheri Yaya. To ai in haka ne sai a yi wa 'yata ta hannun kawai, Hajiya ba za ta yi musu da wannan ba.

Nas_Ta_Dare:
Anti kar ki je ki yi wa Hajiya alƙawarin haka tukuna. A yara masu sikila likitoci sun fi son na ƙashin ƙugu, saboda na jijiya ya fi saurin jawo matsalar nan da sabon ɓargo yake juyowa ya far wa jikin wanda aka saka wa. Likitarku ce za ta faɗa. Gara ki gaya mata gaskiya tun yanzu da daga baya ta ce an yaudare ta.

Ɗan_Kurmi:
Ni fa abin da yake ba ni haushi, an san AS da AS ne a rufe ido a yi aure wai soyayya, a haifo yara suna wahala sannan a dawo ana neman ɓargon mutane. Rigakafi ya fi magani. Allah ya saka wa gwamnatin Kano da ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024.

Jaruma_SS:
@Ɗan_Kurmi kullum sai an samu irinka. Mata ta zo da yaro ɗan shekara 9 a hannu tana tambayar yadda za ta cece shi kai kana mata wa'azin auren da aka ɗaura shekara goma sha da suka wuce. To ta mayar da shi ciki ne? Ni SS ce shekarata 31, na gaji da jin ana magana a kanmu kamar mu kuskure ne da aka yi.

Maman_Haidar:
Malam Ɗan Kurmi mun yi gwajin. Wani ɗakin gwaji a unguwarmu ya ba mijina takarda AA, har yanzu tana cikin akwatina. Sai da Haidar ya fara kumburin hannu da ƙafa aka sake aunawa aka ga AS ne. Ban ce ka yi ƙarya ba amma ba kowa ne ya rufe ido ba.

Ɗan_Kurmi:
Ki yi haƙuri Hajiya ban san haka ba ne. Allah ya ba shi lafiya.

Tsohon_Lab:
Wannan na takardar bogi ko kuskuren gwaji na gani ba sau ɗaya ba, shekara 26 na yi a ɗakin gwaji. Duk mai shirin aure ya yi a wuri biyu daban, kuma ya je da ƙafarsa kar ya aika a karɓo masa.
Mu dawo kan tambayar. Dacewar da ake nema ba rukunin jini ba ce, ba O ko A ko B ba, kuma ba AA da AS ba ce. Wasu alamomi ne a jikin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, da su garkuwar jiki take gane wannan nawa ne wannan baƙo ne. Rabi kake gada daga uwa rabi daga uba. Shi ya sa duk ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar 1 cikin 4 ya dace da kai cif. 'Yan uba ba sa cikin wannan lissafin, a gidajenmu na mata biyu uku dole a faɗi wannan. Mai AS yana iya ba mai SS, wanda aka saka wa sai jininsa ya koma irin na AS ya rabu da ciwon. Har rukunin jinin ma yana sauyawa, in kai A ne mai ba ka O ne, bayan watanni in aka auna ka O za a gani.
Gwajin kansa kuma jini ne kaɗan ko goga kumatu. Hajiya tana faɗa ne a kan matakin da ba a ma zo ba.

Sadiya_Zariya:
To ai su uku ne, uku cikin huɗu kenan, kusan tabbas za a samu insha Allah.

Tsohon_Lab:
A'a 'yata ba haka ake lissafin ba. Kowane yaro da tasa ƙuri'ar, ba tarawa ake ba. In yara uku ne damar a samu aƙalla ɗaya kusan 58 cikin 100 ce. Na ga gidan da yara shida babu wanda ya dace, na ga mai ƙane ɗaya tal kuma ya dace.

Malam_Na_Zaure:
Tunda na san tambayar za ta zo bari in riga ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar abin da jiki yake mayar da shi da kansa, kamar jini da fata, daga wani a saka wa wani, da sharaɗin yardar mai bayarwa kuma kar a cutar da shi, kuma ba sayarwa ba. Ɓargo yana cikin abin da jiki yake mayarwa. Aya ta 32 a Ma'ida kuma kowa ya san ta, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Sai dai ita yarinyar shekara 13 ba jaririya ba ce, a zaunar da ita a yi mata bayani, kar a ɗora mata cewa ran ƙaninta a hannunta yake. In abin bai yi ba kar ta tashi da wannan nauyin.

Goga_77:
Malam to in mace ta ba namiji ɓargo jininta ne yake yawo a jikinsa har abada, sun zama muharramai kenan kamar shayarwa?

Malam_Na_Zaure:
A'a. Haramcin shayarwa nassi ya zo da shi a kan nono, a shekarun shayarwa. Malamai sun yi bayani a kan ƙarin jini cewa ba ya haramta aure, ba a yi masa ƙiyasi da nono.

Jaruma_SS:
Maman Haidar ni zan faɗi ɓangaren da ba a son ji. Dashe ba ƙarin jini ba ne da za a yi da safe a koma gida da yamma. Sai an ba yaro kemo, maganin nan mai ƙarfi da ake ba masu sankara, an kashe ɓargonsa, gashi ya zube, baki ya yi gyambo ya kasa haɗiyar ko ruwa, sati da sati yana killace a ɗaki don ko mura tana iya kashe shi a lokacin. Bayan an sallame ku ma wata da watanni ana shan maganin danne garkuwar jiki, ba makaranta ba shiga taro ba abincin waje. Ƙawata da muka taso tare a layin asibiti iyayenta sun sayar da fili biyu da mota suka kai ta Indiya tana da shekara 24, dashen ya kama, muka yi murna, wata biyar sabon ɓargon ya far wa hanjinta da fatarta, ba ta dawo ba. Ban faɗa don in tsorata ki ba. A yara ƙanana da aka samu ɗan'uwa da ya dace cif sama da 90 cikin 100 suna warkewa, shekarun Haidar su ne lokacin da ya fi kyau, manya irina ne abin ya fi wa haɗari. Amma ki tambayi likitar komai, har wa zai duba shi in kun dawo gida, don nan ne mutane da yawa suke faɗuwa.
Ni dai maganin sikilar nan hydroxyurea nake sha shekara 8 kenan kuma ta canja min rayuwa, daga kwanciya shida a shekara na koma ɗaya ko babu.

Nas_Ta_Dare:
Gaskiya ne, kuma a nan Kano ma aka yi binciken da ya nuna hydroxyurea tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da hoton kansu ya nuna matsala, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Anti in ba a sa shi a kai ba ki tayar da maganar.

Maman_Haidar:
Yana sha tun bara. Allah ya ji ƙan ƙawarki Jaruma, wlh na yi kuka da na karanta. Na gode da ba ki ɓoye min ba.

Injiniya_Bash:
Tambaya, dole sai an fita waje? Na ji kamar ana yi a Najeriya yanzu.

Tsohon_Lab:
Ana yi. Na farko a asibitin koyarwa na jami'ar Benin aka yi a 2011, Dakta Nosakhare Bazuaye da tawagarsa, yaro ɗan shekara 7 mai sikila, ɗan'uwansa ya ba shi. Sannan a 2024 asibitin koyarwa na jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya sun fara nasu. Abin kunyar dai a ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya masu sikila, ana ƙiyasin jarirai 150,000 duk shekara, wuraren dashen ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Turawa tun 1984 suka gano yana warkar da sikila, shi ma da tsautsayi, wata yarinya ce a Amurka mai sankarar jini da sikila tare, aka yi mata dashe don sankarar sai aka ga sikilar ma ta tafi.

'Yar_Maraɗi:
Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan emasi muke ce wa sikila. Muna da cibiyar masu cutar a Yamai, ɗan yayata can ake bin shi, daga Maraɗi sai ya kwana bisa hanya. Zancen dashe kam sai mai hali ya fita waje. Abin da ni ban gane ba shi ne rijistar nan, in na rubuta sunana a nan wa zai neme ni?

Baƙon_Manchester:
@'Yar_Maraɗi rijistocin ƙasashe a haɗe suke, likita a ko'ina yana shigar da HLA ɗin mara lafiyarsa a bincika duka, sama da mutum miliyan 40 ne a ciki yanzu. Matsalar ita ce yawancinsu Turawa ne, shi kuma HLA gado ne, wanda zai dace da kai galibi wanda kuka haɗa asali ne. Alƙaluman rijistar Amurka sun nuna Bature yana da damar 79 cikin 100 ya samu wanda ya dace, baƙar fata 29. Ƙari a kan haka mu 'yan Afirka mun fi kowa bambancin HLA a tsakaninmu. Wato Bahaushe in ya kwanta da sankarar jini a Landan ko a Jidda, wanda zai cece shi wataƙila yana Kantin Kwari yana auna shadda, amma sunansa ba ya ko'ina.
A nan Ingila akwai wani yaro Daniel De-Gale, shekaru aka yi ana nema masa kafin a samu a 1999, shi ne baƙar fata na farko a ƙasar da aka yi wa dashe daga wanda ba danginsa ba. Iyayensa ne suka kafa ƙungiyar ACLT a 1996 don jawo baƙaƙe su yi rijista. Duk ɗan gurup ɗin nan da yake waje dan Allah ya yi, kyauta ne, har gida suke aiko da tsinken. Ƙungiyar Anthony Nolan suna ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 30, DKMS har 55.

Goga_77:
Ni fa nan ne ban yarda ba. A kwashi yawunmu a kai Turai a adana, wa ya san me za a yi da shi? Mun ga abin da aka yi wa yaran Kano a 1996 da gwajin maganin sanƙarau.

Injiniya_Bash:
Goga kai da ka ba banki da kamfanin waya hoton yatsunka goma da fuskarka don layin waya, yau tsinken auduga ne ya zama abin tsoro 😂

Jaruma_SS:
Kar ku yi masa dariya, abin 1996 ya faru da gaske yara sun mutu, tsoron mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba. Bambancin shi ne a nan kai ne kake zuwa da ƙafarka, ka karanta ka sa hannu, kuma kana iya cewa a cire sunanka duk ranar da ka so. Shi ya sa ya kamata namu likitocin da malamai su riƙe abin da kansu, in baƙo ne ya zo da tebur ba wanda zai tsaya.

Tsohon_Lab:
Ai muna da tamu. An buɗe rijistar masu ba da ɓargo ta Najeriya a Enugu a 2012, a asibitin koyarwa na jami'ar Najeriya. Wanda ya tsaya a kai wani matashi ne Seun Adebiyi, ya gama karatun lauya a Yale sankarar jini ta kama shi, aka duba duniya ba wanda ya dace da shi, daga ƙarshe jinin cibiyar jariri ne ya cece shi. Eh, jinin da yake saura a cibiya da mabiyiya bayan haihuwa, wanda mu muke haƙa rami a bayan ɗaki mu binne, cike yake da irin ƙwayoyin nan.
Sai dai Maman Haidar in gaya miki gaskiya, rijista ta fi amfanar masu sankarar jini da waɗanda ɓargonsu ya daina aiki, waɗanda in ba dashe ba mutuwa ce. A sikila dashe daga bare ya fi haɗari, likitoci ba sa saurin zuwa can. In yaran ba su dace ba akwai dashen rabin dacewa, daga uwa ko uba, tunda kowannenku rabin HLA ɗinsa ne. A Johns Hopkins aka gyara hanyar kuma yanzu ana yi sosai.

Ummu_Sadiq:
Kai jama'a yau na sha karatu. Cibiyar da muke binnewa!

Baƙon_Manchester:
Abu ɗaya da na manta. Wanda bai shirya bayarwa ba kar ya yi rijista don a gan shi a hoto. An gaya min ana kiran mutane da yawa su ce sun fasa ko wayar ma ba ta shiga. Mafi muni wanda zai fasa bayan an riga an fara ba mara lafiya kemo, an share masa ɓargo yana jiran naka, wannan kamar ka janye tsani ne mutum yana sama. Kafin a fara sau uku ana tambayata ka tabbata?

Sadiya_Zariya:
To in an yi wa Haidar ya warke, 'ya'yansa fa? Ya zama AA kenan zai iya auren kowa?

Nas_Ta_Dare:
Tambaya mai kyau, a'a. Jininsa ne ya canja, abin da zai gadar wa 'ya'yansa bai canja ba, S zai ba kowane ɗa. In aka auna jininsa za a ga AA ko AS irin na wanda ya ba shi, takardar za ta ruɗi mutane, amma wajen aure lissafin SS za a yi masa. Dole a gaya masa wannan in ya girma, a gaya wa wadda zai aura.

Injiniya_Bash:
Na karanta akwai sabon magani da ake gyara ƙwayoyin mutum da kansa ba sai an nemi kowa ba, Casgevy, Ingila da Amurka sun amince da shi ƙarshen 2023.

Jaruma_SS:
Dala miliyan 2.2 Injiniya. Ka buga a naira ka gani in kalkuletarka za ta ɗauka. Kuma shi ma sai an sha kemon.

Ɗan_Kurmi:
Shi ya sa dai na ce gwaji kafin aure, amma na yi shiru kar Jaruma ta sake cinye ni.

Admin_Hauwa:
Ɗan Kurmi ka buɗe naka zaren a kan gwajin aure, magana ce mai kyau amma ba nan ba. Sannan wanda ya turo lambar mai maganin gargajiya da yake "mayar da SS ya koma AA cikin wata uku" na goge, in ka sake zan cire ka. Masu son taron wayar da kai, ranar masu ba da ɓargo ta duniya Asabar ta uku ce a watan Satumba, ranar sikila kuma 19 ga Yuni, mai shawara ya same ni ta akwati.

Maman_Haidar:
Slm na dawo. Jiya da daddare bayan isha na je ɗakin Hajiya na karanta mata abin da Nas ta rubuta da labarin Yayanmu na Manchester. Da na zo wajen ƙashin miya sai da ta yi dariya ta ce ita duk zatonta abin cikin gadon baya ne. Ba ta ce ta yarda ba, ta ce ranar Talata da ita za a je ta ji daga bakin likitar, kuma a gwada yaran duka ukun kar a ware babbar kamar ita aka ƙulla wa. Sai kuma ta yi shiru can ta ce wai ita ba za a iya ɗibar nata ba a ƙyale yaran? Shekararta 67 da hawan jini. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Babbar kuma ashe tana bakin ƙofa tana jinmu, da safe tana shirin makaranta ta tambaye ni ko za a aske mata gashi.

Nas_Ta_Dare:
Allah sarki Hajiya. Nata kam ba za a ɗauka ba, shekaru da hawan jini, kuma kaka ba ta cika dacewa ba. Ki ce wa yarinya ba mai taɓa mata kitso, ƙaninta ne gashinsa zai zube shi ma ya dawo. Ki rubuta tambayoyinki a takarda kafin Talata, a gaban likita mantawa ake.

Goga_77:
Ni har yanzu ina da ja a kan kai yawu waje. Amma in ta Enugu ce, mu da muke Kano ta ina ake farawa, sai mutum ya je can?

Tsohon_Lab:
Ka fara da sashen cututtukan jini na asibitin koyarwa mafi kusa da kai ka tambaye su. Shekararka nawa ma tukuna?

Goga_77:
77 ɗin nan ba ado ba ne Baba, shekarar haihuwa ce.

'Yar_Maraɗi:
Maman Haidar ki dawo ki ba mu labarin Talata dan Allah, yayata ma na tura mata duka tana tambaya ko gwajin HLA ɗin ana yinsa a Kano ta zo da nata.